Ranar da Bebang Ta Yi Gwanjon Tsofaffin Unguwa

Sunanta na takarda Genoveva Macaraeg, amma ko Fadan da ya yi mata baftisma Bebang yake ce mata. Ni Primitivo, wanda kowa ke kira Mang Tibo, mai babur na haya kuma ɗan sintirin unguwarmu ta Dalawang Tulay, wato gada biyu, na san ta tun tana tallan dafaffen ƙwan agwagwa a bakin gada. Abin da Allah ya ba ta tun lokacin shi ne murya. In ta ƙwala kira a gada ta farko, mutanen gada ta biyu ne ke fara fitowa da kwano. A makaranta ita malamai ke sawa ta tara yara in ƙararrawa ta lalace. A coci kuwa sai da mai koyar da waƙa ya roƙe ta, cikin ladabi, ta riƙa motsa baki kawai.

Ta auri Nestor mai walda, ɗa ɗaya tilo ga Lola Sion, Lola kuwa kaka ke nan a yarenmu. Nestor mutum ne da zai wuni bai ce uffan ba, kuma ban ga laifinsa ba, don tsakanin matarsa da uwarsa babu gurbin da zai saka magana. Lola Sion ita ke zaune a gidan ƙarshe na bakin kogi, wanda ruwa ke fara shiga duk damina. 'Yar mitsitsiyar tsohuwa ce, kamar ka ɗauke ta da hannu ɗaya, amma harshenta ya kori masu gyaran rufi da masu kwasar shara, har da wani matashin Fada da ya je yi mata nasiha. Babu gidan da ba ta yi faɗa da shi ba a unguwar nan. Ba ta taɓa cewa tana son Bebang ba, amma duk Lahadi bayan an tashi daga coci takan miƙa mata hannu, Bebang ta sunkuya ta ɗora bayan hannun a goshinta ta karɓi albarka, yadda kowane ɗa na gari ke yi wa babba. Daga nan sai su ɗora faɗan da suka faro makon jiya.

Sai Nestor ya kwanta ciwo, bai jima ba ya cika. Ya bar mata 'yan mata biyu da injin walda da ko kunna shi ba ta iya ba.

A lokacin ake yayin sayar da gwanjo kai tsaye a Facebook. Mace ta jingina waya da kwalba, ta ɗaga riga, ta faɗi kuɗi, wanda ya riga rubuta "mine", wato nawa ne da Turanci, shi ke da kaya. Dokar guda ce kuma kowa ya san ta: mine ba ya komawa. Mai saye ba ya fasawa, mai sayarwa ba ta fasawa. Wanda ya rubuta ya ɓace, za a manna hotonsa a shafi har surukansa na wani tsibiri su gani. Bebang ba ta da jarin sayen dila, sai ta buɗe durowar mijinta. Wanduna suka tafi, takalma suka tafi. Daga ƙarshe ta ɗaga barong ɗinsa, farar rigar zaren abarba da ya sa ranar aurensu. Ni kuma ga bikin 'yata ya matso, ba ni da rigar kirki. Na rubuta mine. Har gobe ban ga laifina ba, an ɗaga kaya ne na saya.

Ashe Lola Sion tana kallo a wayar maƙwabciyarta. Lahadin da ta biyo baya Bebang ta sunkuya a ƙofar coci, tsohuwa ta harɗe hannayenta a ƙirji.

"Kin sayar da shi tun sumuntin kabarinsa bai bushe ba," ta ce, ta wuce.

Daga ranar ba ta sake miƙa mata hannu ba, ba ta sake taka gidanta ba. Jikokinta sukan je gaishe ta, su dawo da kwanon abincin da uwarsu ta aika ko murfin ba a ɗaga ba.

Abin haushin, ni rigar ma ban same ta ba. Da na je karɓa Bebang ta ce dutsen guga ya ƙona ta, ta jefar. Na je bikin 'yata da rigar aro mai cin hammata. Na gaya wa Lola Sion ban karɓi komai ba, ta ce ashe ban da rashin kunya har ƙarya na iya. Tun daga nan in ta hango babur ɗina sai ta tofar da yawu, ta gwammace ta taka sayyadarta har kasuwa. Ga asarar riga, ga asarar fasinja.

Kasuwa ta karɓi Bebang. Sirrinta shi ne ba ta ɓoye aibin kaya. Za ta ɗaga wando ta ce, "Wannan akwai huji a aljihu, amma ku da ba ku da abin sawa a aljihun, ina ruwanku?" Mutane su yi ta dariya suna mine. Takan bugi ƙirji ta ce, "Ni Bebang ban taɓa fasa mine ba." Duk lokacin da na ji wannan sai tari ya kama ni. Shekaru suka tura, ta sa 'yan matanta a makaranta, ta ɗora bene a kan gidanta da ke kan tudu. A benen ta ware ɗaki guda ta ce na ajiyar kaya ne. Ɗakin ajiyar kaya da gado mai laushi da labule da ƙarfen dafawa a banɗaki. Kowa ya san wa aka gina wa. Duk damina sai ta aika yaran su ce kakarsu ta dawo tudu, duk damina amsar guda ce: gara kogi ya ci ta. Wannan abu ya tsaya wa Bebang a rai. Tana tsoron wata rana kogin zai amsa gayyatar, tsohuwa ta tafi da hannunta a harɗe. In aka fara yayyafi tana tsakiyar ciniki, muryar nan takan ragu, idonta ya koma taga.

To, ga yadda ta shiga aikin hukuma. Shugaban unguwarmu, Kapitan Isagani Dimaculangan, wanda muke ce wa Kap Gani, ya buɗe wa unguwa shafi. Shi da kansa yake rubutu. Kowace sanarwa sai ta fara da gaishe-gaishe masu tsawon wa'azi, kuma kowace sanarwa da hotonsa a kusurwa yana ɗaga babban yatsa. Har sanarwar allurar karnuka, inda aka rubuta "Ku kawo su tun ba su ciji kowa ba", fuskar Kap ce a ƙasa tana murmushi. Masu bin shafin su ne matarsa da mu 'yan sintiri, mu ma don ya tsaya a kanmu ne muka danna. Ranar da aka ɗauke ruwan famfo don gyara, sanarwa ta kwana uku a shafi ba wanda ya gani, rabin unguwa suka fito titi da kumfa a ka suna zaginsa. Washegari ya aika a kira Bebang ofis, ina wurin.

"Aling Bebang, mutum nawa ke kallonki in kin hau?"

"In ƙarshen wata ne, Kap, har da matarka."

"To me ya sa ba sa kallon shafin unguwa?"

"Me kake sayarwa?"

"Ni ba ciniki nake ba. Hidima nake yi wa jama'a."

"To shi ya sa."

Ya ba ta aikin da ɗan abin sayen sabulu. Mutane suka ce ba za ta karɓa ba, tunda a dare ɗaya tana samun fiye da haka. Ta karɓa. A ganina dalilinta guda ne: labarin kogi ofishin unguwa yake fara isowa.

Sai dai waya ɗaya ce, akawun biyu, nata na gwanjo da na hukuma, kuma yatsan Bebang ya fi idonta sauri. Ba a yi mako ba shafin unguwa ya fitar da sanarwa, da tambarin hukuma da komai: "Sabuwar dila ta iso. Rigunan mama manya da ƙanana, wasu ko sau ɗaya ba a sa ba." A kusurwa ga Kap Gani yana ɗaga babban yatsa. Kafin azahar hoton ya kai garuruwan maƙwabta. Kap ya faɗo ofis yana huci, gumi ya jiƙa masa wuya.

"Goge shi. Yanzu-yanzu."

Ta juya masa waya ya ga yawan waɗanda suka fara bin shafin tun safe. Ya duba, ya sake dubawa, ya gyara tabarau.

"To, bar shi zuwa yamma tukuna."

Ba wannan ne na ƙarshe ba. Ta taɓa hana ƙona shara a shafinta na gwanjo, masu saye suka yi ta tambayar kuɗin sharar. Wani mutum ya kawo kukan rami a titi, hukumar unguwa ta ba shi amsa a hukumance: "Kai da ka yi mine ɗin jaket ka gudu, har kana da bakin magana?" Tun daga nan Kap ya samu addu'ar da yake karanta mata safe da yamma: "Bebang, duba sunan kafin ki tura." Takan ce to, ta tura, sannan ta duba.

Amma jama'a sun zo, kuma da suka zo ba su tafi ba. Yaran makaranta ma suka mai da shafin gidansu. Kowace sanarwa aka saka, ko ta rasuwa ce, sai ka ga wani ya rubuta a ƙasa, "Allah ya ji ƙansa. Akwai makaranta gobe?"

Daga nan ta fara sayar da aikin gayya kamar gwanjo. Za ta tsaya a bakin kwata da waya a hannu ta ce, "Ga kwata daga coci zuwa shagon biredi. Aibinta: tana wari, kuma akwai mataccen abu a ciki, ban san ko mene ne ba. Wa zai ɗauka?" Sai ka ga mine. Mutumin da in ka aika masa takardar hukuma zai naɗe kifi da ita, in ya rubuta mine a gaban jama'a sai ya fito da shebur. Wani mahauci ya gwada yin mine ɗin kwata ya kwanta barcinsa. Da yamma hotonsa ya bayyana a shafi, ba ta rubuta komai ba sai sunan kwatar. Matarsa ce ta jawo shi da kanta, tana riƙe da shebur ɗin. Ni dai ban yarda a riƙa kunyata magidanci haka ba, na kuma faɗa. Amma kwatocinmu ba su taɓa gudu kamar shekarar nan ba.

Sai ga ranar guguwa. Tun da safe sama ta yi baƙi ƙirin, ruwa na zuba ba ƙaƙƙautawa, aka aiko cewa za a buɗe dam da rana. Makarantar da muka saba kai mutane in ruwa ya taso an cire mata rufi ana gyara. Filin ƙwallon kwando kuwa kafin kogi ya yi tari ya cika da ruwa. Kap ya ce mu fara kwaso tsofaffin bakin kogi, waɗanda 'ya'yansu ke aiki a birni ko ƙasar waje, mu tara su a ofis. Muka yi ta jigila. Lola Sion aka bar min, don sauran 'yan sintiri kowa ya ce ƙafarsa na ciwo. Sai da ruwa ya taɓa ƙafar gadonta ta yarda ta fito, shi ma da sharaɗin za ta zauna ta ba ni baya. Haka na kawo ta, da ƙullin kayanta da kaza a kwando. Duk hanya kazar take yi wa magana a kaina.

Matsalar ita ce ofishin ma a kwari yake. Kafin la'asar ruwa zai shigo. Kap ya zauna yana bugun masu gidajen bene ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya ce yana da baƙi. Wancan ya ce benensa na yoyo. Wata ta ce bari ta tambayi mijinta, mijin da ke kan jirgin ruwa tun bara. Tsofaffi na zaune a kan kujerun roba sun yi jugum, kowa rungume da ƙullinsa, suna jin yadda ake ƙin su ɗaya bayan ɗaya. Abin ya ba ni tausayi ƙwarai.

Bebang ta ce, "Kap, a waya kowa zai iya cewa a'a, ba mai ganinsa. Ba ni su."

"In ba ki su ki yi me?"

Ta riga ta jingina wayar ofis da kwalbar man goge hannu. Ta ciro tata wayar don karanta masu sharhi, ta gyara gashi, ta buɗe muryar nan.

"Dalawang Tulay, ku matso. Yau kayan ba na sayarwa ba ne, na aro ne, kwana biyu ko uku. Duk mai bene ya tsaya, ina ganin sunayenku. Mai shagon magani, na ga ka shigo, kada ka fita."

Kap ya dafe kai. Amma wani tsoho, Lolo Ambo, ya riga ya ciro mataji yana gyara 'yan gashin da suka rage masa. Shi ta fara tsayarwa.

"Ga Lolo Ambo. Ƙirar da ce, ba a yin irinsa yanzu. Aibinsa: kunnen hagu ya mutu, na dama yana hanya. Ba ya cin da yawa, don haƙoran ma ba su da yawa. In ya ce ku yi karta, kada ku sa kuɗi."

"Me take cewa?" in ji Lolo Ambo.

Na sunkuya na ce masa, "Ta ce kai kyakkyawa ne."

"Ai ta daɗe da sani."

Mai shagon magani ya rubuta mine. Wannan mutumin bai fi 'yan mintoci da gaya wa Kap benensa na yoyo ba.

"An sayar. Ka zo ka ɗauki kayanka kafin ruwa ya kai gwiwa. Na gaba, biyu ne a haɗe, ba a rabawa. Lola Iska da ƙanwarta Lola Pilar. Ɗaya na minshari, ɗayar na ƙaryatawa. Amma wanda ya samu Lola Pilar ya samu miyar tsamiyar da kuke sha a bikin coci kuna lasar kwano."

Gidaje biyu suka yi mine kusan tare, har aka so a yi rigima, sai da Bebang ta nuna musu wanda ya riga. Wani ɗan unguwa da ke aiki a Jidda ya yi mine ɗin wani tsoho mai sanda ya ce a kai wa matarsa. Matar ta rubuta a ƙasa cewa in ya dawo za su yi magana, amma ta turo ƙaninta da lema. Tsofaffin da ɗazu suka yi jugum suka fara gardamar wanda ya fi saurin shiga. Wata ta ji haushi don ba a faɗi cewa ta iya ɗinki ba, sai da aka sake ɗaga ta. Ƙofar ofis ta cika da masu ɗaukar kaya, wasu da babur, wasu da kwalekwale, wani ƙato ya goya nasa a baya. Kap Gani ya lallaɓo ya tsaya a bayan Bebang inda waya za ta kama shi, yana ɗaga babban yatsa.

Kujeru suka yi ta zama wayam, har ya rage saura guda a lungu. Lola Sion da kazarta.

Na lura tun farko Bebang tsallake ta take yi. Yanzu babu sauran wanda za a tsallaka zuwa gare shi. Ruwa ya fara leƙowa ta ƙarƙashin ƙofa. Bebang ta juya wayar ofis wajen lungu, ta buɗe baki, a karo na farko a rayuwata na ga babu abin da ya fito.

"Ga Lola Sion," ta ce daga ƙarshe. "Tana da... tana da tsabta. Ba ta minshari."

"Faɗi aibin mana," in ji tsohuwa, ba ta ko kalle ta ba. "Ba ke ce mai faɗin gaskiya ba? Kin sayar da rigar ɗan, yau ga uwar ta zo hannu. Faɗa musu ko a kyauta ba mai ɗauka."

Ba ta yi ƙarya ba. Dubban mutane na kallo, sharhi ya tsaya cak. Mai shagon biredi ta taɓa shan zaginta. Mahauci ya sha. Matar Kap ta sha sau biyu. Kowa na kallo, kowa ya janye yatsansa. Can sai ga sharhi guda ya faɗo, muka yi carko-carko muna dubawa.

"Akwai makaranta gobe?"

Ba wanda ya yi dariya. Lola Sion ta sunkuyar da kai tana gyara zanin da ta rufe kwandon kaza, alhali ba abin da ya same shi. Duk zagin da na sha a wurin matar nan, a lokacin da ina da bene da na rubuta. Ba ni da shi.

Kap ya raɗa wa Bebang, "Rubuta mine da sunan unguwa. A ce hukuma ta ɗauke ta. Daga baya ma san inda za mu kai ta, ko gidan ƙanwata ne. In ta ga sunanki ba za ta motsa ba."

Bebang ta ɗaga wayarta. Kap ya fara, "Duba sunan kafin—"

Ta riga ta tura. A fuskar wayar ofis, a gaban unguwa kaf da 'yan Jidda da 'yan Hong Kong, rubutu ya hau: Bebang Macaraeg Gwanjo, mine.

"Kash," in ji Bebang. "Na manta ban canza ba."

Ni ina tsaye a kafaɗarta. Na ga abin da na gani. Wayar a kan sunan unguwa take, sai da ta danna sau biyu ta koma nata kafin ta rubuta. Amma ba a tambaye ni ba.

Sharhi ya ɓarke kamar an buɗe famfo. Mine ba ya komawa. An sayar. A kai kaya. Mahauci, wanda har yanzu kwatar nan na ci masa rai, ya rubuta cewa in Bebang ta fasa shi da kansa zai manna hotonta.

Na karanta wa Lola Sion sunan, tunda ba ta zo da tabarau ba. Ruwa ya taɓa silifas ɗinta.

"Ba zan je ba."

"To, Nay," in ji Bebang a hankali, yadda muke kiran uwa, "sai in gaya musu an fasa. In rubuta cewa kayan sun dawo."

Tsohuwa ta ɗago a fusace. "Wa za a ce ta dawo? Ni? Iska mai minshari ta shiga, Ambo kurma ya shiga, ni ce za a rubuta an dawo da ni?" Ta miƙe ta suri kwandonta. "Don doka zan je, ba don ke ba. Kai kuma maƙaryaci, tada babur."

Na kai su tudu, ruwa na dukanmu. 'Yan matan Bebang suka tare mu a ƙofa, suka karɓi albarka a hannun kakarsu, suka riƙe ta har saman bene. Ni na biyo baya da ƙullin kaya. Saboda tsoron ruwa sun kwashe duk abin da ke ƙasa sun hawar, diloli sun cika baranda har rufi. Suka buɗe ɗakin ajiyar kayan nan mai gado da labule. Lola Sion ta shiga, ta tsaya.

A jikin bango, a ƙusa mafi tsayi inda ko kogi ya haukace ba zai kai ba, ga farar riga a rataye cikin leda. Yaran ne suka ciro ta daga durowar uwarsu ta ƙasa da safe, ba su san komai ba.

Na ajiye ƙullin. "Wannan ai tawa ce."

"Na gaya maka ta ƙone," in ji Bebang daga bakin ƙofa. Muryarta ko ta sauro ta fi ta.

Lola Sion ta sa babbar jikarta ta sauko da ita. Ta zare ledar, ta bi rigar da yatsu, gaba da baya, wuya da hannuwa, tana neman ƙuna. Babu ko ɗigo. Zaren ya ɗan yi ja don tsufa, shi ke nan. Ta zauna a bakin gado da rigar a cinya.

"Ashe a cinikin ma macuciya ce ke," ta ce.

"Sau ɗaya ne, Nay."

"Duk shekarun nan ina tofa wa wannan bawan Allah yawu a banza."

"Na sha gaya miki," na ce. Ba wanda ya kula ni.

"Me ya hana ki faɗa min?"

Bebang ta matso, ruwa na ɗiga daga gashinta. "In faɗa miki me? Na ɗaga ta, Nay. Na ɗaga ta a gaban mutane, na faɗi kuɗinta da bakina. Wannan kam na yi, ba ki yi min ƙage ba. Da na zo naɗe ta ne na kasa." Ta share fuska da bayan hannu. "Ƙamshinsa na jiki."

Tsohuwa ta ɗaga rigar ta kai hanci. Ta daɗe a haka. Ni kuma na mai da ido kan kazar, don wani abu ya faɗa min a ido.

Daga ƙasa wayar Bebang na ta ƙara a cikin jaka, Kap ne ke neman a sanar da cewa babu makaranta gobe. Ba wanda ya sauka.

Lola Sion ta miƙa hannun dama, bayansa a sama, ba ta ɗago kai ba. Bebang ta durƙusa ta kama shi da hannu biyu ta ɗora a goshinta, ta ƙi saki. Tsohuwa ba ta janye ba. A iya sanina ba ta taɓa furta kalmar Turanci ba, tana cewa yaren masu yaudara ne. Ranar na ji ta da kunnena, a hankali, kamar mai gwada sabon takalmi.

"Mine," ta ce.

Hannunta ɗaya na kan rigar, ɗayan na kan goshin Bebang. Ban tambaye ta wanne take nufi ba.